Ƙuraje a Gaban Namiji: Wanne Za a Ƙyale, Wanne Za a Kai wa Likita

Akwai ciwon da namiji zai faɗa a majalisa kowa ya ba shi shawara, akwai wanda ko matarsa ba ya iya gaya wa. Ƙurji a gaba yana cikin kashi na biyu. Mutum zai gan shi wajen tsarki ko wajen wanka, hankalinsa ya tashi, ya ja bakinsa ya yi shiru. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ya bar shi wata da watanni yana fatan ya tafi da kansa, ko ya bari sai bayan isha'i ya je kemis, ya jira mutane su ragu, ya sunkuyar da murya ya ce wa yaron kanti, "Ba ni maganin sanyi mai ƙarfi," ba tare da kowa ya ga abin ba. Wani kuma mai shelar magani da lasifika a bakin kasuwa zai nufa, a ƙulla masa gari a leda.

Yawancin ƙurajen da ke fitowa a wannan wuri ba su da haɗari, wasunsu ma ba cuta ba ne, halittar fata ce. Sai dai akwai 'yan kaɗan da ke cin mutum a ɓoye, su kama matarsa har da ɗan da ke cikinta, kuma abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa mafi haɗarinsu ba ya zafi ko kaɗan. Ma'aunin da muka saba da shi, na "ai ba ya min ciwo", ba ya aiki a nan. Waɗannan shawarwari na maigida ne da samari, har da uwargida, domin ita ke wa yara wanka, kuma sau da yawa ita ke fara lura.

1. Ka duba da kyau kafin ka yi komai. Sami wuri mai haske, ka wanke hannu, ka duba a tsanake. Guda nawa ne? A ina suke: kan kaciya, jikin azzakari, jakar maraina, ko inda gashi ke fitowa? Tsiro ne da ya ɗago, ko ƙurji mai ruwa, ko miki buɗaɗɗe? Yana ƙaiƙayi, yana zafi, ko shiru yake? Ka laluba matse-matsinka ka ji ko akwai kaluluwa. Ka riƙe ranar da ka fara ganinsa, ka kuma tuna abin da ya faru a makonnin da suka gabata: aski, sabon sabulu, wani magani da ka sha, kwana a shimfiɗar wani, ko saduwa. Idan kana da waya, ɗauki hoto ka adana inda yara ba za su gani ba, domin wasu ƙurajen kan fashe ko su bushe kafin ka samu ganin likita, hoton ranar farko kuwa zai nuna masa abin da idonsa ba zai tarar ba. Kada ka matse, kada ka tsaga da allura ko farce.

2. Ka san waɗanda halitta ce. Wasu mazan suna da 'yan ƙananan tsiro jere reras a gefen kan kaciya, layi ɗaya ko biyu, duk girmansu ɗaya, ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Sukan bayyana lokacin balaga, sun fi yawa ga marasa kaciya amma masu kaciya ma suna da su. Ba sa zafi, ba sa yaɗuwa, ba a ɗaukarsu wajen saduwa, kuma sukan ragu da shekaru. Haka kuma ɗigo-ɗigon nan fari ko rawaya-rawaya da ke fitowa fili idan aka ja fatar azzakari ko ta maraina: 'yan jakunkunan maiƙon fata ne, yawancin manya suna da su, wasu har a leɓe. Dattawa kan ga 'yan ɗigo ja mai duhu ko baƙi-baƙi a jakar maraina, ƙananan jijiyoyin jini ne da suka buɗe, wani lokaci sukan ɗan zubar da jini idan an sosa da ƙarfi. Akwai kuma ƙulli fari mai tauri a cikin fatar jakar, mai motsawa tare da fatar, wanda kan yi shekaru bai canja ba. Likita zai iya cire shi idan ya yi girma ko ya ruru. Abin da ya haɗa duk waɗannan shi ne sun daɗe, kuma yadda suke bara haka suke bana. Idan kana kokwanto, a duba maka sau ɗaya ka huta. Samari da yawa sun ƙone fatarsu a kan abin da aka halicce su da shi.

3. Gyara yadda kake aski. Aske gashin mara sunna ce, malamai kuma sun yi bayanin kada a bar shi ya wuce kwana 40, don haka wannan abu ne da kusan kowane gida ke yi. Matsalar ita ce gashinmu mai murɗewa ne; idan aka aske shi ƙwal da reza mai dakushi, sai tsinin ya lanƙwasa ya koma cikin fata. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai ga ƙuraje jajaye ko masu farin kai, kowanne a gindin gashi, wani ma ana hango gashin a naɗe a ciki. Wannan ƙurji ne da ake yawan gani, kuma ana gane shi da cewa ba ya fitowa inda babu gashi.

Ka fara rage gashin da almakashi, ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi da kumfar sabulu, ka yi amfani da sabuwar reza, ka bi inda gashin ya kwanta. Wanda fatarsa ba ta ɗaukar reza, almakashi ko kilifa sun ishe shi. Reza ba abin aro ba ce, ko tsakanin wa da ƙani, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Idan ƙurajen sun fito, ka dakatar da aski, ka riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. Cikin mako guda zuwa biyu sukan lafa. Maruru ma haka ake masa har ya fashe da kansa. Amma wanda maruru ke yawan fito masa, wannan ya warke wancan ya taso, ya je a auna masa suga.

4. Ka bar wurin ya sha iska. A watannin zafi, musamman ga 'yan acaɓa da direbobin doguwar tafiya, gumi kan kwanta a matse-matsi ya jawo ƙurajen zafi ko irin ƙwayar da ke kawo makero, wadda ke yin faci mai ƙaiƙayi da baki zagayayye. Kamfai na auduga, a canja kullum, a shanya a rana, a kuma tsane wurin bayan wanka da tsarki. Man clotrimazole shi kaɗai, na mako 2 zuwa 4, kan kashe wannan facin.

5. Ƙaiƙayin da ke hana barci, ka tuhumi ƙazuwa, ka kuma duba gidan gaba ɗaya. Ƙuraje masu tauri a kan azzakari da jakar maraina, waɗanda ƙaiƙayinsu ke tsananta da dare, kusan kullum ƙazuwa ce. Ka buɗe tsakanin yatsun hannu, ka duba wuyan hannu, cibiya, hammata da ɗuwawu. Sannan ka saurari ɗakin yara da tsakar dare. Idan ka ji ƙarar susa daga shimfiɗa biyu ko uku, ba ka buƙatar wani dogon bincike. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai haƙa rami a cikin fata ke kawo ƙazuwa, tana bin haɗuwar jiki da shimfiɗa da tufafi. Takan shigo gida da yaron da ya dawo hutu daga makarantar kwana ko tsangaya, ko da baƙon da ya kwana. Ba shaidar ƙazanta ba ce, ba kuma shaidar neman mata ba.

Inda ake kuskure shi ne a yi wa mai susa magani shi kaɗai. Wanda ya kamu a karon farko kan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin ƙaiƙayi, saboda haka waɗanda ke cewa lafiyarsu ƙalau suna iya ɗauke da ita. Kowa a gidan zai shafa maganin a dare guda, daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kawai ba. Man permethrin ana barinsa awa 8 zuwa 14 kafin a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Benzyl benzoate ya fi araha amma yana da raɗaɗi a maraina, kuma ana sirka shi ga yara, don haka ma'aikacin lafiya ya faɗi yadda za a yi, musamman ga jarirai da masu ciki. Washegari a wanke zannuwan gado da tufafi da tawul da ruwan zafi a baza a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda aƙalla kwana 3, domin ƙwaron ba ya daɗewa da rai idan ya rabu da jikin mutum. Ƙaiƙayin kan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, ƙullin da ke maraina ma kan kai watanni kafin ya baje. Wannan ba ya nufin maganin bai ci ba, kuma yawan maimaita shi kan ƙone fata.

6. Miki marar zafi shi ne wanda ba a yi wa jinkiri. Tunjere tana farawa da ɗan ƙulli guda ɗaya, kamar mako 3 bayan saduwa, ko da yake takan ɗauki daga kwana 10 har kwana 90. Ƙullin sai ya buɗe ya zama miki zagayayye, mai tsabta, mai taurin baki, ba zafi ba ƙaiƙayi, da kaluluwa a matse-matsi wadda ita ma ba ta ciwo. Cikin mako 3 zuwa 6 mikin zai rufe da kansa, ko an yi magani ko ba a yi ba. A nan ne ake yaudaruwa. Wanda ya shafa gari sai ya ce garin ne, wanda ya sha kafso sai ya ce kafson ne, mai maganin kuma ya ƙara samun shaida. Ƙwayar cutar kuwa ta riga ta shiga jini.

Bayan 'yan makonni ko watanni sai ta dawo da wata kama, wato mataki na biyu: tabo-tabo a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, da ɗan zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ko zubar gashi faci-faci. Shi ma wannan zai ɓace. Daga nan sai ta yi shiru na shekaru, ta fito wa wasu a zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko ido, ko jijiyoyi. A tsakanin nan kuma matar gida ta ɗauka, ciki ya riƙa zubewa, ko a haifi jariri ba rai, ko a haife shi da cutar, a yi ta neman dalili a wurare masu nisa. Abin takaici shi ne wannan cuta tana da magani tabbatacce mai sauƙin kuɗi: allurar benzathine penicillin guda ɗaya idan sabuwa ce, ko guda uku, ɗaya a kowane mako, idan ta daɗe ko ba a san lokacin kamuwa ba. Gwajin jini ne ke nuna ta, sai dai a kwanakin farko na mikin gwajin kan iya fitowa babu komai, shi ya sa likita kan ce a maimaita. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan miki, ko da shekara biyar ce ta wuce kuma ba tabo, ya je ya yi gwajin.

7. Tsiron da ke ƙaruwa a hankali, kada a yanke shi a gida. Tsiro ne mai kaushi, launin fata ko ya ɗan fi ta duhu, wani lokaci ya taru ya yi tsaga-tsaga kamar zankon zakara. Bairos ɗin HPV ke kawo shi, mafi yawa nau'i na 6 da na 11, kuma yakan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, a fata kafin ya fito. Ba ya zafi, amma reza tana yaɗa shi, don haka ba a aski a kansa. A asibiti ana daskarar da shi, ko a ƙona shi da na'ura, ko a ɗiga masa magani irin podophyllin, wanda ma'aikacin lafiya ne ke shafawa a kan tsiron kaɗai a wanke bayan 'yan awanni, domin yana cin lafiyayyar fata, kuma ba a yi wa mai ciki. Tsiron yakan dawo, musamman a watanni ukun farko; a koma a sake, ba gazawar likita ba ce. Tunjere ma a mataki na biyu tana yin wani tsiro mai laima da ke kama da wannan, wanda ya sa gwajin jini ya zama dole.

Wasu nau'o'in HPV, musamman na 16 da na 18, su ne ke haddasa yawancin sankarar bakin mahaifa. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta shigar da rigakafinsa cikin alluran da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta. Uban da ya ga wahalar wannan tsiro a jikinsa ya fi kowa dalilin kai 'ya'yansa mata.

Akwai wani ƙurji na daban, mai santsi da sheƙi, da ɗan rami a tsakiyarsa. Shi ma bairos ne, yakan tafi da kansa cikin wata 6 zuwa 18. Idan ya yi yawa ƙwarai ga babba, ko ya bazu a fuska, a gwada ƙanjamau.

8. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi suna son a gan su tun suna ɗanye. Idan 'yan ƙuraje masu ruwa suka fito a cure wuri guda, kwana 2 zuwa 12 bayan saduwa, suka fashe suka bar ƙananan mikuna masu zafi, da zazzaɓi da zafin fitsari, galibi herpes ce. Ƙwayar aciclovir tana rage zafin da tsawon kwanakin, kuma ta fi aiki idan an fara da wuri. Bairos ɗin yana zama a jijiya, yakan motsa lokacin rashin lafiya ko gajiya, yawanci da sauƙi fiye da karon farko. Duk wanda ya ce zai fitar maka da shi gaba ɗaya daga jiki, kuɗinka yake so.

Ƙyandar biri ma tana fitowa a gaba. Tun da ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa a 2017, likitocin Najeriya suka lura marasa lafiya da yawa a al'aura ƙurajen suke fito musu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2022 da 2024. Ƙurajenta masu tauri ne da lotsawa a tsakiya, tare da zazzaɓi da kaluluwa. Mai ita ya keɓe shimfiɗarsa da kwanonsa har ɓawon ya zube, wanda kan ɗauki mako 2 zuwa 4.

Sai kuma wanda ake yawan mantawa da shi: tabo mai duhu ko ƙurji mai ruwa a kan kaciya, da ke fitowa 'yan awanni bayan shan wani magani, irin Septrin ko Fansidar ko tetracycline, kuma duk ranar da aka sake shan maganin a daidai wurin yake dawowa. Jini ne bai karɓi maganin ba. A daina shi, a gaya wa likita sunansa.

9. Ga abin da ba ya zuwa wannan wuri: man birki, ruwan batir, kanwa, toka, man goge baki, ruwan lemon tsami, tafarnuwa, bilic, da maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanka wanda ba a sirka ba. Fatar gaba siririya ce ƙwarai. Dakakkiyar tafarnuwa da aka ɗaure da filasta a kwana da ita, da safe za a tarar wurin ya yi fari ya saɓule, gefensa ya kumbura, kamfai ya manne da ruwan da ke tsatsa, mutum yana tafiya yana buɗa ƙafa. Ƙurjin da zai tafi da kansa cikin mako ya koma gyambon da za a yi wata ana wankewa, likita kuma ya kasa gane asalin abin da ya fito. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Haka man shafawar nan mai haɗin magani uku da ake sayarwa a kowane kanti. Ka karanta jikin kwalin. Idan ka ga betamethasone ko clobetasol, kada ya taɓa gabanka sai da umarnin likita. Yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ji daɗi, a ƙarƙashi kuwa ƙazuwa da makero da herpes suna ƙara samun wuri, fatar tana sirancewa har ta tsattsage. Kafso mai ja da rawaya da ake buɗewa a barbaɗa a kan miki, ko a sha guda huɗu a ajiye, ba ya kashe cutar, yana dai ɓatar da sawunta.

10. Waɗannan ba sa jiran gari ya waye. Jakar maraina ta kumbura ta yi ja da zafi mai tsanani, da zazzaɓi, ko wani ɓangare ya fara baƙi yana wari, musamman ga mai ciwon suga: ruɓar nama ce mai gudu cikin awanni, tiyata take so. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a ƙwan maraina, da amai, ga yaro ko saurayi: wataƙila ƙwan ne ya murɗe, kuma idan aka wuce kimanin awa 6 ana iya rasa shi. Fitsari ya ƙi fita. Jini ya ƙi tsayawa. Ƙuraje sun haɗu da saɓulewar baki da ido bayan shan magani. Kowanne daga cikinsu, a nufi sashen gaggawa ko ƙarfe nawa ne.

11. Sauran kuma a ba su mako 2, ban da miki. Duk miki buɗaɗɗe, mai zafi ko marar zafi, da duk ƙurjin da ya zo da fitar mugunya daga mafitsara, a kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙurjin da bai fashe ba amma ya wuce mako 2 bai ragu ba, ko yana girma, ko yana canja launi, ko yana zubar da jini, shi ma lokacinsa ya yi. Sankarar azzakari ba ta da yawa, ta fi ƙaranci ma ga waɗanda aka yi wa kaciya tun suna ƙanana, amma tana faruwa, galibi ga waɗanda suka haura 50 da masu shan taba, kuma da ƙaramin miki ko ƙulli marar warkewa take farawa. Kan kaciya da ke yawan yin ja yana tsagewa kan zama alamar farko ta ciwon suga. Ƙulli mai tauri a jikin ƙwan maraina kansa, ba a fata ba, magana ce ta daban: a yi sikanin ko ba ya ciwo, musamman ga mai shekara 15 zuwa 40.

12. Idan ka shiga wurin likita, ka faɗi abin da ya kawo ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maza da yawa kan zauna su yi ta lissafa ciwon kai da kasala, sai likita ya rufe fayil sannan su ce, "Af, likita, akwai kuma wata 'yar matsala." Ka fara da ita: "Likita, ƙurji ne ya fito min a gaba, yau kwana goma." Wannan jimla ta isa, shi zai ja sauran. Kana da damar neman likita namiji, da neman a rufe ƙofa, kuma sirrinka amana ce a wuyansa. Idan ya tambayi maganar saduwa, ka faɗi gaskiya. Ba alƙali ba ne, amsar ce ke nuna masa gwajin da zai rubuta. Ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha ko ka shafa, har na gargajiya. Kada ka yarda da magani daga wanda bai duba wurin ba.

Babban asibitin garinku ya isa a fara. Idan abin ya gagara, za a tura ka wurin likitan fata ko na mafitsara, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Ka nemi a haɗa maka da gwajin tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta, domin miki a gaba ƙofa ce da ke sauƙaƙa wa ƙanjamau shiga da fita.

13. Matan gida suna da haƙƙi a cikin wannan magana. Muddin akwai miki ko ƙurji mai ruwa ko tsiron da ba a tantance ba, a dakatar da kwanciya har likita ya ba da izini. Kororon roba yana rage haɗari sosai, amma ba ya rufe duk fatar wurin. Idan gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa, kowace mata a gidan sai an duba ta, uwargida da amarya, ko babu mai ƙorafi, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagaye ɗakuna tana dawo maka. Mai ciki ita ce ta farko: tunjere da herpes suna iya kashe jariri, kuma ungozomar asibiti tana buƙatar sani tun wurin awo.

Kada kuma a yi saurin zargi. HPV da herpes kan kwanta shekaru, tun daga auren baya, ƙazuwa kuwa daga shimfiɗa take. Gwajin kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana duba ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini, amma ba ya nuna HPV ko herpes, don haka takardar ba ta wanke kowa daga waɗannan ba, ba ta kuma tuhumi kowa ba. Wanda ya san ya taka waje kuwa, ya sani ɓoye wa matarsa cutar da ke da magani zalunci ne na biyu a kan na farko. Idan bakin ya yi nauyi, ku je tare, likita ya yi bayanin.

14. Yara maza, uwa ta duba wajen wanka, uba ya yi magana lokacin balaga. Ga ƙananan yara, yawanci ƙazuwa ce, ko ƙurajen kunzugu, ko ƙurjin nan mai rami a tsakiya da suke ɗauka wajen wasa da tawul. Bayan kaciya, ko a gida wanzami ya yi ko a asibiti, jinin da ya ƙi tsayawa, kumburi da mugunya, kan kaciya ya yi baƙi, ko yaro ya kasa fitsari, duk na gaggawa ne. Tsiro ko miki ko mugunya a gaban ƙaramin yaro kuwa sai likita ya gani. Yana iya zama daga hannun mai yi masa wanka, yana kuma iya zama wani ne ya ci zarafinsa. A tambaye shi a hankali, a keɓe, ba tsawa ba duka, domin yaron da aka tsorata ba ya sake buɗe baki. Matashi kuma, uba ko kawu ya gaya masa tun wuri cewa wasu ɗigo-ɗigon halitta ne, kuma duk abin da ya gani ya zo gida da shi kafin ya kai wa abokai.

15. Ka gama maganin, ka koma ranar da aka ba ka. Bushewar ƙurji ba sallama ba ce. Bayan allurar tunjere ana sake gwajin jini a watanni masu zuwa don a tabbatar ta ci, gwajin ƙanjamau kuma ana maimaita shi bayan wata 3 idan haɗuwar sabuwa ce. Ka ajiye katin asibiti da takardun gwajin wuri guda, ka tafi da su duk lokacin da za ka koma, har ma idan wani asibitin ka canja.